Harafin da Mama Ta Ƙara

LORNA: Ya mutu na ce miki! Na danna, na sake dannawa, har da babban yatsa na danna, ko motsi bai yi ba.

TANNIS: Mama, abin da na rubuta da hannuna ba ya mutuwa haka kawai. Sai dai a kashe shi.

LORNA: Au, ni na kashe shi ke nan?

TANNIS: Ni ban kama suna ba.

LORNA: Kin kama mana, na ji a muryarki. Ni fa na haife ki, Tannis.

TANNIS: To wadda ta haife ni, ko gaisuwa babu? Ina ɗaga waya sai faɗa.

LORNA: Ina wuni.

TANNIS: Kai, wannan gaisuwa ta fi ta ofishin haraji sanyi. Lafiya lau. Ya gida? Ya Baba?

LORNA: Lafiyarsa ƙalau. Yana can kan motar aikinsa yana share ƙanƙarar filin hoki.

TANNIS: Ya gwiwar?

LORNA: Da sauƙi. Ya Winnipeg? Kina cin abinci kuwa?

TANNIS: Ina ci.

LORNA: Me kika ci yau?

TANNIS: Abinci.

LORNA: Biredi da man gyaɗa ke nan. Wace ƙara ce wannan a bayanki kamar jirgi zai tashi?

TANNIS: Ina shagon wanki ne, inji ke matse min kaya. Ke kuma ina kike, muryarki na fitowa kamar daga cikin gwangwani?

LORNA: Ina ƙasan filin hoki, ɗakin da ake ajiye sanduna. Nan ne kaɗai ba wanda zai gan ni.

TANNIS: Ɓuya kike yi? Mama, me ya faru?

LORNA: Ba komai.

TANNIS: Mama.

LORNA: Vern Hildebrand ya kira taron kwamiti. Suna sama yanzu, kofi kawai suke jira ya tafasa. Da sun zauna, maganar farko ita ce a karɓe makullin shafin intanet na kulob ɗin hoki daga hannuna a miƙa wa surukinsa Colby.

TANNIS: A karɓe me? A ba wa wa?

LORNA: Kin ji ni sarai. An buɗe rajistar gasar tsofaffi, kuma har yanzu ko ƙungiya ɗaya ba ta shiga ba. Mutanen garuruwan kewaye sai bugo waya suke yi, wai sun cika sunayensu, sun zo wurin zaɓen launin riga, maɓallin ya ƙi buɗewa. Ba launi, ba rajista. Filogin ɗin nan naki, ɗan shirin rajistar da kika rubuta wa shafin kika ce zai hutar da ni, shi ne zai raba ni da aikina.

TANNIS: Har ina jin muryar Vern: “Ehem. Lorna, ba wai ina cewa komai ba ne, ehem, amma Colby fa ya san kwamfuta. Shi ya haɗa min talabijin.”

LORNA: Tannis, bari!

TANNIS: “Har rimot ɗin ma shi ya sa wa batir, ehem.”

LORNA: Ki bari na ce, za ki sa in yi dariya su jiyo ni. Wallahi haka ya faɗa, har da tarin. Ni da na gina shafin nan tun Vern yana tambayar wane doki za a sa wa linzamin kwamfuta.

TANNIS: To, share hawayenki. Ba ni kalmar sirrin in shiga in gani.

LORNA: A'a.

TANNIS: A'a kuma?

LORNA: Dokar kulob ce, makulli a hannun mutum ɗaya yake zama. In na ba ki yau, da wane baki zan hana Colby gobe?

TANNIS: Ikon Allah. Gida na ci da wuta, kina tambayar mai kashe gobara katin shaida. To shi ke nan, ni zan zama ido, ke ki zama hannu. Laftof ɗinki na kusa?

LORNA: Yana kan cinyata.

TANNIS: Bari in buɗe shafin daga nan, in leƙa bayansa... Tabɗi! Mama, ai ba maɓallina ne kaɗai ya mutu ba. Jerin zaɓin da ke saman shafin ma ba ya buɗuwa, hotunan da ke juyawa sun daskare a kan fuskar Vern. Me kika taɓa?

LORNA: Ban taɓa komai ba.

TANNIS: Babban sikirif ɗin nan, rubutun umarnin da komai a shafin ke dogara da shi, ina ganinsa sau biyu. Na biyun kuma tsohon yayi ne, an manna shi da hannu a can saman shafin. Ni dai ban haifi wannan ba.

LORNA: Wa... ban ji ki ba, layin yana...

TANNIS: Layin lafiyarsa ƙalau, ina jin har numfashinki.

LORNA: To, Colby ne ya ce in sa. Da maɓallin ya ƙi aiki jiya, ya leƙo ya ce ai abu ne mai sauƙi, in kwafi layi ɗaya in manna a sama. Ya ce kowa haka yake yi.

TANNIS: “Kawai ki manna shi a sama, Anti Lorna, ni haka nake yi kullum, ba wani abu ba ne.” Yana tauna cingam lokacin?

LORNA: Yana taunawa.

TANNIS: Na sani. To saurara. Kin ga Merle, tsohon nan mai tsaron ƙofar shiga filin ƙanƙara?

LORNA: Me ya kawo Merle cikin maganar?

TANNIS: Shafinki yana da nasa Merle ɗin. Duk sikirif ɗin da zai shiga, wurinsa yake zuwa ya faɗi sunansa, ya kuma faɗi waɗanda dole su riga shi shiga. Nawa yakan zo da ladabi ya ce, “Sannu Baba Merle, ni ne mai rajista. Ba na iya komai sai babba ya shiga, sai mai launi ya shiga, sannan ni.” Merle ya ce, “Hmm. Tsaya nan.” Ya buɗe wa babba, ya buɗe wa mai launi, ya buɗe wa nawa. Kowa a kan layinsa, kowa sau ɗaya.

LORNA: Merle ba ya cewa “tsaya nan.” Nuni yake yi da haɓa.

TANNIS: To ya yi nuni da haɓa. Abin da Colby ya sa ki yi shi ne, kin ɗauko wani babban, kin jefa shi ta saman katanga ba tare da Merle ya sani ba. Ki ƙaddara Baba yana tsakiyar share ƙanƙara, sai ga wata motar ta faɗo daga sama tana bin hanyarsa ta baya.

LORNA: Ai babanki zai kashe mutum.

TANNIS: Shi ne abin da ke faruwa a shafinki yanzu. Je ki inda kika manna layin ki cire shi.

LORNA: Duka?

TANNIS: Duka, har ƙurarsa.

LORNA: Dakata... ina tabarau na... to. Na ga shi. Na cire. In adana?

TANNIS: Adana. Yanzu sabunta shafin.

LORNA: Kai! Jerin saman ya dawo! Fuskar Vern ta wuce!

TANNIS: Wannan kaɗai ya isa a ba ni lambar yabo. Danna maɓallin launi.

LORNA: Na danna.

TANNIS: To?

LORNA: Shiru.

TANNIS: Shiru kamar yaya?

LORNA: Shiru irin na babanki in an tambaye shi wa ya cinye firogin nan, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da na ajiye wa baƙi.

TANNIS: Bari in gani... Abin mamaki. Babba ya shiga, sau ɗaya, lafiya lau. Amma nawa sikirif ɗin ko inuwarsa babu. Ba a loda shi ba sam. Kuma ba wani jan rubutu, ba ƙorafi, ba komai.

LORNA: Kin gani? Na ce miki naki ne ya mutu.

TANNIS: Dakata mana, Mama, ina tunani. Na gwada shi a nan kafin in turo miki, ya yi aiki. Na gwada a wayata, ya yi aiki. Ko dai na turo miki tsohon fayil ne? In haka ne kuwa na shiga uku, don sabon yana gida a ɗaya kwamfutar.

LORNA: Tannis, na ji ana jan kujeru a sama.

TANNIS: Na ji, na ji. To, Merle ba ya hana mutum shiga sai da dalili ɗaya. In ka ce masa wane zai riga ka, ya leƙa ya kira sunan bai ga kowa ba, shi ke nan, zai bar ka a benci har ƙanƙara ta narke, kuma ba zai ce maka uffan ba. Buɗe babban fayil ɗin filogin. Nemi layin da nawa ke gabatar da kansa. Karanta min sunayen da ke ciki, harafi bayan harafi.

LORNA: Ai na san fayil ɗin. Na karanta shi tun daga farko har ƙarshe daren da za a buɗe rajista.

TANNIS: Kin karanta shi? Don me?

LORNA: Duk abin da zai fita da sunan kulob sai na duba shi. Ga layin. Na farko shi ne babban. Na biyu ya fara da si, o, el, o...

TANNIS: Mama? Mama, kin ɓace. Wace irin ƙara ce wannan?

LORNA: Babanki ne ke wucewa ta samana da motar! Dakata ya juya!

TANNIS: Me kika ce bayan o?

LORNA: Na ce dakata ya juya!

TANNIS: Juya? Ba wani juya a cikin sunan!

LORNA: Ba ke ba, babanki! To, ya wuce. Si, o, el, o, u, ar.

TANNIS: Maimaita na kusa da ƙarshe.

LORNA: U.

TANNIS: Wanne?

LORNA: U! U na uwa, uwarki da ke zaune a kan akwatin hulunan hoki tana jin sanyi!

TANNIS: Mama.

LORNA: Na'am.

TANNIS: Ni ban sa u a wurin nan ba.

LORNA: Na lura. Shi ya sa na sa miki.

TANNIS: Wayyo Allah cikina! Mama! Wayyo, bari in zauna, matar da ke ninke zanen gado tana kallona!

LORNA: Mene ne abin dariya? Kin rubuta kalmar launi irin ta Amurkawa, color, ba u, tsirara haka. Mu a ƙasar nan colour muke rubutawa. Na yi rayuwata ina koyar da rubutu a makarantar garin nan, sannan 'yar cikina ta zo ta kunyata ni a shafin da kowa ke gani?

TANNIS: Ba mai ganin wurin nan sai ke da Merle!

LORNA: Ni na gani ai.

TANNIS: “Tannis Petryshyn, fito gaban allo. Ina u ɗinki? Kin bar shi a gida? Je ki ɗauko shi.” Jan biro kika sa wa kwamfuta, Mama! Wannan ba kalma ba ce, suna ne. Sunan da masu tsarin suka raɗa wa sikirif mai launi ke nan, kuma ba u suka raɗa masa. Merle ya tsaya a ƙofa yana ta kiran mai u, shi kuwa marar u yana zaune a gefe yana cewa, “Ba da ni ake ba.” Nawa kuma yana benci da sandarsa tun ranar yana jira.

LORNA: To su gyara nasu.

TANNIS: Su wa?

LORNA: Masu tsarin. Kuskuren nasu ne.

TANNIS: Mama, goge harafin.

LORNA: Ba zan goge daidai in mayar da kuskure da hannuna ba. Akwai abin da mutum ba ya yi ko da za a kore shi.

TANNIS: Ai korar taki za a yi! Colby zai karɓi makulli, ya manna layuka goma a sama, ya sa hoton motarsa a shafin farko!

LORNA: Ya sa.

TANNIS: Haba Mama... To, tsaya. Yaya ake rubuta sunanmu?

LORNA: Wace irin tambaya ce wannan?

TANNIS: Kin tuna sabuwar ma'aikaciyar asibitin haƙori, wadda ta ga Petryshyn ta ce ai an yi kuskure, ta cire miki y ta sa i? Kika zauna ana ta kiran wata Misis Petrishin, kina karanta mujalla, har aka rufe asibitin?

LORNA: Ban amsa ba saboda ba sunana ba ne.

TANNIS: Me kika ce mata washegari? Bari in tuna miki. “Yarinya, ba a gyara wa mutum sunansa. Yadda ya ba ki shi, haka za ki rubuta, ko ya yi miki kyau ko bai yi ba.”

LORNA: Ban yi magana ta hanci haka ba.

TANNIS: Amma kin faɗa.

LORNA: ...Na faɗa.

TANNIS: To shi ma mai launi haka ya ba da nasa. A fuskar maɓallin, inda mutane ke karantawa, ki sa u ɗinki, ki sa biyu ma in kina so, ni zan taya ki. Amma a bakin ƙofar Merle, ki kira bawan Allah da sunansa.

LORNA: Hmm. A matsayin suna ke nan, ba a matsayin kalma ba.

TANNIS: A matsayin suna.

LORNA: Don in kalma ce, ban yarda ba.

TANNIS: Na sani, duk Manitoba ta sani. Mama, kofi ya tafasa fa.

LORNA: To. Allah ka gani, ba da son raina ba. Na cire. Na adana. Ina sabuntawa... yana juyawa... yana ta juyawa... sabis ɗin ɗakin nan kamar na cikin kabari...

TANNIS: Ɗaga laftof ɗin sama, wajen taga!

LORNA: Na hau kan akwati. In na faɗi ke za ki yi jinyar gwiwar. Ya buɗe. Na danna... Tannis!

TANNIS: Me?

LORNA: Tannis, launuka! Ga su nan sun fito kamar kantin fenti! Ja, shuɗi, ruwan goro, har da wani kore mai kama da ciwon ciki!

TANNIS: Yawwa! Ina gani daga nan! Babba, mai launi, nawa, sun jeru kamar 'yan makaranta! Merle ya yi nuni da haɓa! Baiwar Allah mai zanen gado, taya ni murna, uwata ta ci!

LORNA: Wayata ta yi ƙara. Wata ƙungiya ta yi rajista! Yanzu-yanzu! Ashe suna zaune a kan shafin suna ta dannawa. Sun ɗauki ja. Ga wata kuma! Sun ɗauki shuɗi mai duhu!

TANNIS: Shuɗi mai duhu? Ba shi ne launin ƙungiyar Vern ba?

LORNA: Shi ne. Tun kafin a haife ki suke sa shi.

TANNIS: Kuma na tsara abin yadda in an ɗauki launi, ya ɗauku.

LORNA: Shhh, ga shi nan yana saukowa. Eh, Vern, ina nan. A'a, ba ɓuya nake yi ba, aiki nake yi. Zo ka gani da idonka. Danna nan. A'a, ba allon ba, linzamin. Yawwa. Ka gani? Wani layi ne aka ba ni shawarar in manna a sama, shi ya hargitsa shafin, na cire shi. Ban kama suna ba, Vern.

TANNIS: Mama, ki gaya masa maganar u ɗin mana.

LORNA: Rediyo ne, Vern, kar ka damu. Ka yi wa ƙungiyarku rajista tun da kana nan, ana ta kwashe launuka. Shuɗin? Ayya, an riga ku. Ja ma ya tafi. Ga kore nan, yana da... haske.

TANNIS: “Ehem. Lorna, ba wai ina cewa komai ba ne, amma wannan koren, ehem, kamar abin da karena ya amayar.”

LORNA: Tannis! A lasifika kike!

TANNIS: ...Ina wuni, Kawu Vern. Ya iyali? Ya Colby?

LORNA: Ya tafi. Ya haura sama, kunnuwansa sun yi ja kamar tumatir. Amma ya ɗauki koren. Kuma a kan matakala ya juyo ya ce maganar makulli a bar ta tukuna, tun da abu yana aiki.

TANNIS: A bar ta tukuna! Mama, kin ci! Makulli na hannunki, Vern zai yi gasa cikin rigar ciwon ciki, ni kuma zan ba da labarin nan a kowane Kirsimeti har in tsufa!

LORNA: Ba za ki ba da komai ba. Bari in hau, ina so in zauna a kujerar da ke kallon Colby. Cajin wayar ma ya yi ja.

TANNIS: Dakata, alkawari ɗaya. Ba za ki ƙara shiga fayil ɗina da jan biro ba. Kuma ki rantse min kin goge u ɗin nan, ba wai kin ɓoye shi a wani lungu ba.

LORNA: Goge? Harafi lafiyayye haka? Na yanke shi na ajiye a fayil ɗinsa daban. Ranar da Amurkawa suka dawo hayyacinsu, za su zo nema.